Sharhi: Yadda Sanyi Ke Tona Asirin Rundunar Da Ba Ta Kula Da Motocinta

Tun daga shekarar 2022 da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, duk lokacin da hunturu ya gabato masu sharhi kan al'amuran tsaro sukan koma ga lissafin da suka saba: tankokin yaƙi nawa kowane ɓangare yake da su, igwa nawa, makamai masu linzami nawa. Sai dai kwamandan da ke bakin daga yana da wani lissafin na daban, wanda ba a cika buga shi a jarida ba. Shi abin da ya dame shi, a cikin motoci ɗari da aka rubuta masa a takarda, guda nawa ne za su tashi da asuba idan sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kamar yadda yakan kai a gabashin Yukiren cikin wasu ranakun Janairu da Fabrairu.

Amsar wannan tambaya tana hannun direbobi da kanikawa da saje-sajen da ke sa musu ido, kuma ana rubuta ta ne makonni da watanni kafin dusar ƙanƙara ta fara zuba. Sanyi bai cika ƙirƙirar sabon lahani a jikin mota ba. Abin da ya fi yi shi ne ya nemo lahanin da aka daɗe ana kau da kai daga gare shi, ya fito da shi fili a ranar da aka fi bukatar motar. Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma hunturun ƙasashen arewacin duniya shi ne ranar wankan kowace runduna.

Ayarin da ya cije a hanyar Kyiv

Rasha ta kutsa cikin Yukiren ranar 24 ga Fabrairu, 2022. Kwana huɗu bayan haka, kamfanin Maxar na Amurka ya fitar da hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna ayarin motocin sojan Rasha mai tsawon kimanin kilomita 64 a arewacin birnin Kyiv. Duniya ta zuba ido tana jiran faɗuwar birnin, amma ayarin ya ƙi gaba. Ranar 3 ga Maris, Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta bayyana cewa turjiyar dakarun Yukiren, da lalacewar motoci, da cunkoso ne suka tsayar da shi fiye da kilomita 30 daga tsakiyar birnin. Zuwa farkon Afrilu sojojin Rasha sun janye daga yankin baki ɗaya.

Babu mai musun cewa kwanton ɓauna da karya gadoji da 'yan Yukiren suka yi su ne babban dalili. Amma hotunan da suka riƙa fitowa a lokacin sun nuna wani abu da ya ja hankalin masana harkar sufurin soja: manyan motoci masu tsadar gaske an yasar da su a cikin laka, tayoyinsu sun yayyage daga gefe. Waɗanda suka san aikin sun yi bayanin cewa haka taya take yi idan mota ta yi watanni a ajiye wuri guda ba a motsa ta. Roba tana bushewa, gefenta ya tsattsage, sannan a ranar da aka rage mata iska domin a ratsa taɓo sai ta fashe. Motar da tayarta ba za ta jure daji ba, dole ta tsaya a kan kwalta, kuma idan dubban motoci suka taru a kan titi guda, lalacewar ɗaya ta isa ta tsare na bayanta.

A wancan lokaci sanyin ma bai kai matuƙa ba. Lokaci ne na narkewar ƙanƙara, wanda Rashawa ke kira rasputitsa, inda ƙasa ke zama caɓi da rana, ta daskare da dare. Wannan yanayi yana da nasa sharrin, domin lakar da ta cika sarƙar tanka da yamma takan wayi gari ta zama kamar kankare.

Batir ne ke fara sarewa

Duk bakaniken da ya yi aiki a ƙasar sanyi ya san cewa batir ne farkon abin da ke ba da kunya. Wutar batir tana fitowa ne daga aikin sinadarai, kuma sanyi yana rage saurin wannan aiki. A digiri 18 ƙasa da sifili, wanda shi ne ma'aunin da kamfanoni ke gwada ƙarfin batir da shi, batir mai lafiya yana rasa kusan rabin ƙarfin da yake da shi a lokacin ɗumi. A daidai wannan lokaci kuma inji yana bukatar ƙarfi fiye da na kullum kafin ya juya, saboda baƙin mai ya yi kauri. Wato bukata ta ƙaru, abin biyanta ya ragu.

Akwai wani haɗarin da ya fi wannan. Ruwan batir mai cikakken caji ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, amma na batirin da caji ya ƙare masa ya kusa zama ruwa zalla, don haka yakan daskare tun kafin a kai digiri 10 ƙasa da sifili. Idan ya daskare sai ya kumbura ya fasa jikin batirin, kuma wanda ya yi gangancin sa masa caji a haka yana iya tarwatsa shi a fuskarsa. Shi ya sa littattafan horon soja suka nace a kan abubuwa masu sauƙi: a riƙa auna caji, a kankare tsatsar kan batir, a ɗaure wayoyi tamau, a kashe rediyo da fitilu kafin a kashe inji. Idan mota za ta daɗe a tsaye cikin tsananin sanyi, a cire batirin a kai shi wuri mai ɗumi. Motocin ƙungiyar tsaro ta NATO suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 24 kuma suna da soket iri ɗaya, ta yadda mota mai rai za ta iya tada matacciya da waya guda. Amfanin wannan tsari yana ƙarewa ne a ranar da aka nemi wayar aka tarar ba a ɗauko ta ba.

Dizal da baƙin mai

Duk wanda ya taɓa ganin man ja ko man shanu ya yi barci a kwalba da sanyin safiya zai fahimci abin da ke samun dizal. A cikin dizal akwai wani sinadari mai kama da kitsen kyandir, wanda yake narke a lokacin ɗumi. Idan sanyi ya sauko kusa da sifili, dizal ɗin da aka tace domin bazara yakan fara yin hazo, kitsen ya dunƙule, ya toshe filta, inji ya mutu alhali tanki a cike yake. Saboda haka ƙasashen sanyi suke tace dizal iri-iri. Rasha tun zamanin Tarayyar Sobiyet tana da na bazara, da na hunturu, da na yankin Aktik. Ƙasashen NATO kuwa sun daɗe da tsarin mai guda a fagen fama, inda jirage da motoci ke shan man jirgi da ake kira F-34, wanda ba ya daskarewa sai a digiri 47 ƙasa da sifili.

Matsalar ba ta ƙare a matatar mai ba. Motar da aka cika wa tanki da dizal ɗin bazara a watan Satumba, aka ajiye ta, za ta shiga Disamba da shi idan babu wanda ya tuna. Ga kuma ruwa, wanda shi ne babban abokin gaba. Tankin da ba a cika ba yana tara raɓa a cikinsa, raɓar ta gangara ƙasa, ta daskare a cikin bututun mai. Maganin wannan bai wuce a cika tanki da zarar an dawo daga aiki ba, a kuma tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasan filta kowace rana tun injin yana da ɗumi.

Baƙin mai shi ma yana da nasa ƙa'idar. Lambobin da ake gani a jikin galan, irin su 15W-40, suna faɗin yadda man yake a sanyi da zafi. Mai lamba 15W ana gwada shi ne a digiri 20 ƙasa da sifili, mai 5W a digiri 30, mai 0W kuma a digiri 35. Idan aka bar mai mai kauri a inji sanyi ya wuce iyakarsa, famfo ba zai iya tura shi zuwa sassan da ke gogar juna ba, sai ƙarfe ya ci ƙarfe a daƙiƙun farko na tashi. Injin da aka yi wa haka sau da yawa ba ya mutuwa nan take, yakan mutu ne bayan makonni, a tsakiyar tafiya. Haka lamarin yake ga man giya, da man haidurolik da ke juya kan tanka yana ɗaga bakin igwa, da giris ɗin da ke cikin ƙafafu. Masu ƙera tankokin Sobiyet irin su T-72 sun san ƙasarsu, shi ya sa suka sa musu hita ta musamman da ke ɗumama ruwa da mai kafin a tada inji. Amma hitar tana cin lokaci, kuma ita ma sai an gwada ta tun kaka. Matuƙin da ya tsallake wannan mataki don gaggawa yana sayar da injin tankarsa ne a kan mintocin da ya tsira da su.

Direbobin manyan motoci kuma ana gargaɗinsu kada su matsa wa sitata. Idan inji bai kama ba cikin 'yan daƙiƙu, a dakata ta huce kafin a sake gwadawa. Ana kuma hana fesa sinadarin tada inji a motar da ke da fulogin hita, domin yana iya kamawa da wuta tun kafin lokacinsa ya lalata inji.

Ruwa, roba da birki

Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin ɗari. Wannan ɗan ƙarin ya isa ya fasa lagireto, ya tsaga jikin inji kansa. Don haka ake gauraya ruwan lagireto da sinadarin hana daskarewa. Rabi da rabi yana karewa har zuwa kimanin digiri 37 ƙasa da sifili, kashi 60 na sinadari da 40 na ruwa kuma yana wuce digiri 50. Abin mamaki, sinadarin zalla ba tare da ruwa ba yana daskarewa tun a wajen digiri 13, saboda haka wanda ya zuba shi tsagwaronsa da nufin ƙarin kariya ya yi aikin baban giwa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na direban da ya yi ta ƙara ruwan famfo duk tsawon bazara saboda wani ɗan yoyo da bai kai rahotonsa ba. Zuwa hunturu abin da ke cikin lagiretonsa ya kusa zama ruwa zalla, kuma ba za a gane ba sai an auna.

Roba tana ƙandarewa a sanyi. Tiyon da ya fara tsagewa zai ƙarasa, fambel ɗin da ya tsufa zai tsinke, robobin da ke tsare mai za su fara zuba. Iskar taya tana raguwa da kusan kashi 2 cikin ɗari duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6, don haka tayar da aka auna a gareji mai ɗumi sai an sake auna ta a waje.

Manyan motocin soja suna amfani da birkin iska, kuma iskar da ake matsawa cikin tanki tana ɗauke da laima. Idan ba a buɗe tankunan an fitar da ruwan ba a ƙarshen kowace rana, zai daskare cikin bututu, birki ya ƙi kamawa ko ya ƙi saki. Saboda irin wannan dalili ake hana jan birkin hannu bayan an ratsa ruwa ko caɓi a daren da ake sa ran ƙanƙara. A maimakon haka a sa waigi a taya. Tanka kuma a kankare mata laka daga sarƙa da ƙafafu tun da ɗuminta, a ajiye ta a kan rassan itace ko katako ko tsakuwa, don kada sarƙar ta manne da ƙasa. Tankar da ta manne, idan aka fizge ta da ƙarfin inji, sarƙa ko giya ce za ta biya.

Shi kansa bakaniken yana cikin haɗari. Fatar hannu tana mannewa da ƙarfe mai tsananin sanyi, kuma man fetur ko dizal da ya kwana a waje, idan ya zuba a jiki, yana iya ƙone fata da sanyi nan take, tunda bai daskare ba amma sanyinsa ya kai na iskar wurin. Aikin da ake gamawa cikin rabin sa'a a lokacin ɗumi yakan ninka idan ana yin sa da safar hannu mai kauri. Sojoji da dama kuma sun rasa rayukansu a rundunoni daban-daban saboda barci a cikin mota da inji a kunne, hayaƙin salansa mai guba wanda ba shi da wari ya shiga musu.

Darasin da aka biya da jini

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji da yake sabo. A ƙarshen shekarar 1941 sojojin Jamus sun isa kusa da Mosko da shirin yaƙin da suka zaci zai ƙare kafin hunturu. Da sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili a farkon Disamba, mai ya daskare a injuna da bindigogi, har ta kai sojoji suna hura wuta a ƙarƙashin tankoki domin su tashi. Ranar 5 ga Disamba dakarun Sobiyet suka juyo da farmaki, Jamusawa suka ja da baya suka bar tarin motoci da igwa da ba su iya motsawa ba.

Shekara tara bayan haka Amurkawa suka ɗanɗana tasu a Koriya. A yaƙin tafkin Chosin, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba 1950, batura sun mutu, man bindigogi ya daskare, direbobi suka koma tada injuna lokaci-lokaci cikin dare don gudun kada su ƙi tashi da safe. Yaƙin Koriya ya nuna wa rundunar sojan ƙasa ta Amurka yawan kayan da take asara ta hanyar sakaci, kuma a shekarar 1951 ta fara buga wata mujalla ta wata-wata mai suna PS, wadda aka keɓe kacokan ga rigakafin lalacewar kayan aiki. An riƙa yi mata zane-zane masu ban dariya, domin an fahimci cewa ƙaramin soja ba zai karanta littafi mai shafi ɗari biyar ba, amma zai karanta labarin zane. Tsarin da rundunar ke bi har yau ya raba duba mota gida biyar: kafin tafiya, lokacin tafiya, bayan tafiya, na mako, da na wata. Direba ne ke dubawa yana bin littafi layi-layi, ya rubuta abin da ya gani, saje ya tabbatar, bakanike ya gyara abin da ya fi ƙarfin direba.

Abin da jirage marasa matuƙa suka sauya

Tsohuwar dabarar da sojoji suka gada daga Mosko da Chosin ita ce idan ana shakkar inji zai tashi, kada a kashe shi. Dabarar dama tana da illa: tana shan mai, kuma injin dizal da ya daɗe yana aiki a tsaye ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai baƙin danƙo ya taru a cikinsa da salansa. Yaƙin Yukiren ya ƙara mata wata illar da ta fi waɗannan muni. Sararin samaniyar bakin daga cike yake da ƙananan jirage marasa matuƙa, da yawansu ɗauke da kyamarar da ke ganin zafi. A kan farar ƙanƙara, cikin dajin da ganyensa ya zube, inji mai ɗumi yana haskawa a irin wannan kyamara kamar fitila a duhu, sawun sarƙa kuma yana nuna hanyar da aka bi zuwa maɓoya.

Ma'aikatan tanka sun shiga tsaka mai wuya ke nan. In sun bar inji a kunne, za a gan su. In sun kashe, sai sun tabbata zai tashi a bugu ɗaya lokacin da aka fara yi musu ruwan wuta. Abin da zai ba su wannan tabbaci shi ne batir mai cikakken caji, da man da ya dace da yanayi, da filta marar ruwa, da hitar da aka gwada. Haka nan motar da ta mutu a fili ba ta da sa'o'in jiran gyara kamar da, domin cikin ɗan lokaci jirgi zai same ta, ya kuma jira motar da za ta zo janye ta. Su ma jiragen ba su tsira ba: baturansu na lithium suna saurin ƙarewa a sanyi, ba a kuma so a yi musu caji idan sanyinsu ya kai ƙasa da sifili, shi ya sa masu sarrafa su suke ɗumama batura a cikin tufafinsu kafin tashi.

Yukiren tana da ƙarin wani nauyin. Bayan kayan Sobiyet da ta gada, ta karɓi tankokin Leopard daga Jamus da wasu ƙasashen Turai, da Challenger daga Birtaniya, da Abrams guda 31 daga Amurka a shekarar 2023, ban da motoci masu sulke da igwa iri-iri daga ƙasashe da dama. Kowanne da irin mansa, da filtarsa, da littafinsa, har da ma'aunin sifanarsa. Manyan gyare-gyare kuma an riƙa kai su cibiyoyin da aka buɗe a Folan da Sulobakiya da Lituwaniya, ɗaruruwan kilomitoci daga fagen fama. Tankar da ta lalace saboda an manta da tsiyaye ruwa daga filta tana iya barin bakin daga na tsawon makonni, daidai da wadda makami ya sama.

Daga Himalaya zuwa Aktik

Batun ya wuce Yukiren. Bayan arangamar kwarin Galwan a watan Yunin 2020, inda sojojin Indiya 20 suka mutu, Indiya da Sin sun girke dakaru masu yawa a tsaunukan Ladakh. Indiya ta kai tankokin T-72 da T-90 wuraren da tsayinsu ya haura mita 4,000, inda sanyi ke iya kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili, iska kuma ba ta da kauri, abin da ke rage wa inji ƙarfi. Da ta ga wahalar sauko da kowace tanka ƙasa domin gyara, sai ta gina garejin tankoki a can saman, a yankin Nyoma da kusa da Daulat Beg Oldi.

A arewacin Turai, shigar Finlan cikin NATO a 2023 da Suwidin a 2024 ta mayar da yankin Aktik wani babban fagen shiri. A watan Maris 2024 sojoji fiye da 20,000 daga ƙasashe 13 suka yi atisayen Nordic Response a arewacin Norwe da Suwidin da Finlan, kuma wani ɓangare na amfanin irin wannan atisaye shi ne a ga abin da zai karye tun babu mai harbi. Amurka ma ta yi nata gyaran. A 2022 ta farfaɗo da Runduna ta 11 a jihar Alaska, ta kwashe motocin Stryker masu taya takwas daga can bayan shekaru ana kokawa da su a cikin sanyi, ta kuma ba kamfanin BAE Systems kwangilar dala miliyan 278 domin samar da motoci masu sarƙa da aka ƙera don dusar ƙanƙara. Wannan ya nuna iyakar rigakafi: kulawa tana tsawaita ran mota, amma ba ta mayar da motar da aka ƙera don wata ƙasa ta dace da wata.

Me ya sa ake sakaci da abin da kowa ya sani?

Idan ƙa'idojin suna da sauƙi haka, kuma an san su fiye da shekara tamanin, me ya sa rundunoni suke ta faɗawa rami guda? Dalili na farko na kasafin kuɗi ne. Sayen sabuwar tanka yana zuwa da biki da hotuna da jawabin minista, sayen filta dubu goma kuwa babu wanda zai yanke masa kyalle. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, kason kayan gyara ne ake fara taɓawa, tunda illar ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru.

Na biyu shi ne almundahana. Dizal da batir da taya kaya ne da ke da kasuwa a wajen bariki, kuma mai sayen taya mai arha ya rubuta kuɗin mai tsada ya san ba za a gane ba muddin motar tana ajiye. Na uku, wanda ya fi wuyar magani, shi ne rahoton ƙarya. A rundunar da ake hukunta kwamanda idan ya ce rabin motocinsa ba sa tashi, kowa zai rubuta cewa duka lafiya lau. Rahoton ya hau daga bataliya zuwa birged zuwa hedikwata, har shugabanni su tsara yaƙi a kan motocin da babu su sai a takarda. Masana da dama sun danganta matsalolin Rasha na 2022 da irin wannan al'ada, haɗe da raunin ajin saje-saje ƙwararru, waɗanda a wasu rundunonin su ne ke tsayawa a kan ƙaramin soja har sai ya buɗe bonet. Rasha ta yi gyare-gyare tun daga lokacin, ta matso da garejinta kusa da fage, ta kuma dogara da layin dogo da ɗimbin tsofaffin tankokin da ta fito da su daga ma'ajiya, waɗanda su ma da yawansu sai da aka yi musu gyara mai yawa saboda shekarun da suka yi a fili.

Nijeriya ba ta da dusar ƙanƙara. Ko a Jos, inda sanyin Disamba da Janairu ke sauka ƙasa da digiri 10, dizal ba ya daskarewa. Amma tana da nata lokutan tonon asiri: ƙurar hunturu da ke toshe filtar iska, da zafin Maris da Afrilu da ke tafasa lagireto yana cinye batir, da baƙar lakar yankin Tafkin Chadi da ke riƙe mota da damina. Rundunar sojan ƙasa kuma tana da irin gaurayen da Yukiren ke fama da shi, daga T-72 ƙirar Sobiyet, zuwa VT-4 da suka iso daga Sin a 2020, da Cobra ta Turkiyya, da Ezugwu da aka ƙera a gida. Kowace da kayan gyaranta da horon da take bukata. Ga 'yan majalisar da ke duba kasafin tsaro, tambayar motoci nawa aka sayo tana da 'yar'uwa da ta cancanci a riƙa yi tare da ita: nawa ne daga cikin na bara suke tashi, kuma nawa aka ware domin filta da batir da horar da kanikawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a yankin arewa maso gabas ranar tafiya takan zo ne da zarar ƙasa ta bushe bayan damina.